Janareta a Gidan Takaba

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a kaina, na kuma san kun ji ta, ko da yake babu wanda ya taɓa kawo mini ita a cikinku. An ce mahaifinku bai cika wata biyu a ƙasa ba na tayar da janareta a gidan takaba, da rana tsaka, na zauna ina latse-latsen kwamfuta kamar wadda aka yi wa albishir. An ce kuma da hannuna na kashe kwamfutarsa. Duka biyun sun faru. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, kuma yanzu da idona ya fara gajiya gara in rubuta da kaina, kada ku ci gaba da karɓar labarina a bakin wasu. Zainab da Sadiƙu, ku kuna ƙanana a lokacin, abin da za ku iya tunawa bai wuce yawan mutane da tabarmi a tsakar gida ba. Magaji, kai ka riga ka mallaki hankalinka, kana ajin ƙarshe a sakandare, don haka rabin wannan babin da kai nake.

Mahaifinku ɗan malamin allo ne daga Aujara, boko ya kawo shi Dutse ya zama ma'aikacin gwamnati a sashen kwamfuta. Mutum ne mai sanyi, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Idan ya taso daga ofis ya ci abinci, sai ya shige ɗan ɗakin nan na kusa da zaure a gidanmu na Yalwawa, inda ya ajiye wata tsohuwar kwamfutar tebur da ya saya a gwanjo. Kun san kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tayar da ita, ta tsara mata komai, ta nuna wa kowane aiki wurin zamansa. Manyan kamfanoni ke yin irinta, da tarin ma'aikata. To, babanku cewa ya yi shi ma zai gina tasa daga tushe, shi kaɗai. Har suna ya raɗa mata, Gafaka, sunan jakar fatar da malamai ke ajiye Alƙur'ani a ciki. Ni kuwa da nake koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata na san girman abin da ya ɗauko, don haka ban raga masa ba.

"Malam, me za ta yi wanda na kasuwa ba su yi?"

"Babu," ya ce. "Sai dai ita zan san kowane lungu nata."

Na riƙa kiranta gonar da ba a cin hatsinta, shi kuma ya riƙa dariya yana noman abinsa. Ranar da ta fara tashi ta nuna harafi ɗaya tak a baƙin allo, zakara ya sa aka yanka, muka ci ba tare da maƙwabta sun san bikin me ake yi ba. Shekaru suka tura, Gafaka ta koyi rubutun ajami daga dama zuwa hagu, ta koyi nuna lokutan sallah na Dutse, ta koyi ajiye abin da aka rubuta. Ba ta shiga intanet, ba ta buga takarda, wani lokaci ma sai ta sandare ba gaira ba dalili. Amma tasa ce. Kuma tun Magaji yana firamare yake jan kujera ya zauna kusa da shi bayan la'asar, uban yana rubutu yana yi masa bayani, shi yana gyaɗa kai ko ya gane ko bai gane ba.

Da kaka ya tafi Aujara duba girbi, zazzaɓi ya kama shi a can, aka kai shi asibiti a Jahun, kafin in isa Allah ya karɓi abinsa. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yau ba na iyawa.

Na shiga takaba a Yalwawa, gwaggonku Yaya Hansai ta zo daga Aujara ta zauna da ni. Ita ta raini babanku bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi, ita ta wanke masa allo. Mace ce mai tsare al'ada, kuma a wurinta takaba ba ta tsaya ga barin kwalliya da turare da fita ba. Rediyo ma ta sa aka ɗauke, dariya idan ta yi ƙarfi sai ta yi gyaran murya. Ban ga laifinta ba. Ita ke girki, ita ke yi wa Sadiƙu wanka, ita ke tashina idan ta ga na daɗe ina kallon bango. Ban da ita ban san yadda zan yi da waɗannan watannin ba, ku riƙe wannan kafin ku ji sauran.

Magaji bai yi kuka a gaban mutane ba. Abin da yake yi, duk la'asar ɗin da aka samu wuta sai ya shiga ɗakin ubansa ya kunna Gafaka, ya zauna a kujerarsa ta gefe, ya bar ta uban a wofi. Ba ya taɓa komai, kallo kawai yake yi har a kira magariba. Wata rana ina wucewa na ji wani sauti daga cikin akwatin kwamfutar, ƙet, ƙet, ƙet, kafin ta tashi. Na san wannan sautin daga ɗakin kwamfutocin makarantarmu. Faifan ajiya ne ke yin haka idan ya kama hanyar mutuwa. A cikin faifan nan kuwa komai yake, Gafaka da duk rubutun da aka gina ta da shi. Na bincika durowa da akwati ban sami kwafi ko ɗaya ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa ma'aikata wa'azi su riƙa ajiye kwafin aikinsu, shi bai ajiye nasa ba. Na yi dariya a ranar har Yaya ta leƙo, sannan dariyar ta koma kuka.

Na roƙi Magaji ya daina kunnawa, ya ce to. Ya yi ƙoƙari, ba zan ƙi faɗa ba, amma bayan 'yan kwanaki na sake jin sautin, ya kuma fi na da tsawo. Na ɗauki kwaɗo zan rufe ɗakin, na tsaya da shi a hannu na kasa. Wurin nan kaɗai ya rage masa da yake zama da ubansa.

Hanya ɗaya na sani. A farkon shekarar an koya mana wani abu a taron bita na malamai, wata manhaja da ke ƙirƙiro kwamfuta a cikin kwamfuta. Za ka buɗe taga a allon laftof, tagar ta zama kamar wata na'ura mai zaman kanta, da faifanta da ƙwaƙwalwarta, alhali duk na aro ne. Babbar manhajar da ka saka a ciki ba za ta san ba a kan ƙarfe take ba. Idan na kwashe duk abin da ke faifan Malam ya zama fayil ɗaya, zan iya tayar da Gafaka a irin wannan tagar, kuma fayil ana iya kwafarsa a ajiye a wurare da yawa. Na taɓa kawo wa babanku wannan shawarar yana raye, ya ce shi a kan ƙarfe ya haife ta, a kan ƙarfe yake son ya ji tana tafiya. Matsalar ita ce kwasar tana nufin faifan ya yi ta juyawa na sa'o'i ba hutu, ga shi a raunane. Yana iya kaiwa ƙarshe, yana iya mutuwa a hanya. Na zaunar da Magaji na gaya masa haka, ban rage komai ba.

"Umma, ki bari ki fita takaba a kai ta Kano. Can akwai masana."

"Kafin nan wa zai hana ka kunna ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma a Kano wa ya san Gafaka? Duk mai gyaran da ya jona faifan nan, kwamfutarsa za ta ce masa ba ta gane abin da ke ciki ba, ko ya goge? Kai ma ka san abin da hannunsu ya saba dannawa."

"Idan ya mutu a hannunki fa?"

"Ya mutu a hannuna."

Na ga amsar ta yi masa zafi. Da na san wata mai laushi wadda ba ƙarya ba, da ita zan ba shi. Yana da gaskiyarsa, ƙila akwai wanda ya fi ni sani a Kano, ƙila faifan ya jira. Amma ni nake jin sautin yana ƙaruwa, kuma sauran takabata ya fi wata biyu.

Malama Saratu, abokiyar aikina, ita ta kawo mini laftof ɗina daga makaranta, da wata 'yar na'ura da ake jona faifan tebur da ita. Na'urar tana buƙatar wuta, a makon nan kuwa taransifomar unguwarmu ta ƙone, ba a san ranar gyara ba. Ga shi ko da akwai wuta ba zan yarda da ita ba, ɗaukewa ɗaya a tsakiyar aiki ta isa ta lalata komai. Saboda haka da hantsi, bayan kun tafi makaranta, na kwance akwatin da sukundireba na ciro faifan, na jawo ƙaramin janaretanmu zuwa bayan ɗaki na ja igiyarsa da kaina. A unguwarmu a wancan lokacin, idan aka ji janareta da rana, to biki ake ko kallo. Yaya Hansai ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Rabi, me nake ji?"

"Yaya, aikin Malam nake so in ceto. Faifan zai mutu."

"Mai aikin ma ya mutu. Ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba za ki cika unguwa da ƙara? Me kike so mutane su ce?"

"Su faɗi abin da za su faɗa, Yaya. Idan na kashe yanzu ban san ko zai ƙara tashi ba."

Ta juya ta koma madafa. Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar.

Kamar da gangan, wajen azahar sai ga mata daga Aujara, dangin babanku da ba su samu zuwa gaisuwa da wuri ba saboda girbi. Sun biya kuɗin mota, sun sha rana, suka shigo da sallama suka tarar da janareta yana ruri, matar mamaci kuma tana zaune gaban laftof. Na fito na durƙusa muka gaisa, aka yi addu'a aka shafa. Amma kunnena yana ɗaki. Duk lokacin da faifan ya iso wurin da ya lalace sai ya tsaya yana ƙet, ƙet, manhajar ta jira in ce mata ta tsallake, kuma duk jiran da ya yi ƙarfinsa ne ke ƙarewa. Haka na riƙa tashi ina barinsu a tabarma, in je in danna in dawo, ana cikin ba ni haƙuri in sake miƙewa. Na yi ƙoƙarin bayani, to amma me zan ce wa tsohuwar da ta yi wa mijina wankan jarirai? Ko abincin da Yaya ta zuba musu ba su taɓa ba. Kafin motarsu ta wuce Jahun na san labarin ya gama tsaruwa, kuma shi ne wanda kuka gada.

Da la'asar aikin ya kammala, manhajar ta ce ta kwashe komai ban da wani ɗan yanki da ya ƙi karantuwa. Na kashe janareta, na mayar da faifan mazauninsa yana da zafi kamar an sauke shi daga murhu. Da aka gyara wutar unguwa, Magaji ya shiga ya danna maɓalli ina tsaye a bayansa. Fanka ta juya, faifan ya yi ƙet sau ɗaya, shi ke nan. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, allon yana nan baƙi.

"Kin kashe ta," ya ce, ba da ƙarfi ba.

"Tana cikin laftof, Magaji."

"Nuna mini."

Ban iya nuna masa ba, don a lokacin ta ƙi tashi. Idan na buɗe tagar sai wani ɗan layi ya yi ta ƙyaftawa a kusurwa, daga nan babu ƙari. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a takabata. Yaya ba ta yi mini magana sai ta dole, Magaji yana cin abinci a zaure, ni kuma ga fayil a hannuna ban san ko rai ne a ciki ko gawa ba. Kullum bayan na sallami yara sai in zauna in sauya wani abu in gwada. Sai wata safiya ina tankaɗe na tuna wata mita da Malam ya taɓa yi, lokacin da ya ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa ta ƙi tashi, ya cire yana cewa Gafaka 'yar talakawa ce, yawa ruɗa ta yake yi. Ni kuwa don ƙauna na ba ta ƙwaƙwalwa mai yawa da faifai irin na zamani. Na karkaɗe hannuna na je na rage mata, na ce wa manhajar ta yi kamar tsohuwar na'ura mai tsohon faifai. Na danna. Layin ya ƙyafta, allon ya yi duhu, sai ga Bisimilla a sama, ga lokutan sallah suna jeruwa a ƙasa. Na kifa kaina a tebur, garin tuwo a goshina, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da Magaji ya dawo na kira shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya hango.

"Wannan ba ita ba ce. Baba ya ce a kan ƙarfe take."

"Ita ce, zo ka taɓa ka gani."

"Motsa linzamin," ya ce.

Na motsa. Akwai wata 'yar kibiya a tsakiyar allon da ya kamata ta bi linzamin kwamfutar da ke hannuna, ta ƙi gusawa. Ashe aikin da babanku ya yi na ƙarshe ke nan, a makon da zai tafi Aujara ya koya wa Gafaka bin linzami, Magaji yana gefensa har kibiyar ta motsa suka tafa. Ni ban ma sani ba. Wannan aikin shi ne yankin da ya ƙi karantuwa. Magaji ya juya ya fita.

Yaya Hansai ce ta ba ni mamaki. Ana saura 'yan kwanaki in fita takaba, ta gama haɗa kayanta, ta shigo ta same ni a gaban laftof.

"To, nuna mini abin da kika zubar mana da mutunci a kansa."

Na tayar mata. Ta matso da fuskarta kusa da allon tana ƙanƙance ido, don ita ba ta san boko ba amma ta yi karatu a gaban mahaifinsu. Ta bi Bisimillar da yatsa har ƙarshe, ta tsaya a kan mimin ƙarshe.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Shi ne, Yaya. Kowane harafi da kansa ya zana, ɗigo bayan ɗigo."

"Ai na gani. Dubi yadda ya ja wutsiyar mim ya lanƙwasa ta baya. Tun yana yaro haka yake yi a allo, Baba ya yi faɗa ya yi duka, bai daina ba." Yatsanta yana nan kan gilashin. "Auwalu ke nan. Taurin kai a ɓoye."

Ta zauna a kujerar da babu wanda ya zauna a kai tun rasuwarsa, ta ce in rubuta mata sunan mahaifinsu, sannan na mahaifiyarsu, sannan nata. Muka kai har azahar. Da za ta tashi ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Amma janaretan nan dai bai kamata ba." A kan wannan ta tsaya har ta koma ga Allah. Na ji ta yi ƙoƙarin gyara maganar a Aujara, sai dai labarin farko ya riga ya zauna. Shekaru ina zuwa biki da gaisuwa a garin ana amsa mini sallama da rabin baki, ku ma kun lura, kun dai yi kawaici.

Wannan bai dame ni ba kamar naka, Magaji. Ba ka taɓa yi mini rashin kunya ba. Ka gama makaranta, ka karanta fannin ubanka, ka fi shi ma, yau a Abuja ana biyanka don ka rubuta manhaja. Kana aike, kana kira duk Juma'a, kana zuwa da iyalinka hutun sallah. Amma tun ranar nan akwai wani abu tsakanina da kai da ban iya ɗagawa ba, kuma ba ka taɓa zama a gaban Gafaka ba. Ni kuwa duk laftof ɗin da na sauya sai na ɗauke ta na kai ta sabon, ta tashi a tagarta kamar jiya aka kashe ta. Na ba Zainab kwafi, na ba Sadiƙu. Sun karɓa da ladabi, amma a wurinsu baƙin allo ne da rubutu, ba su san mutumin a gabanta ba.

Ba gafara nake nema ba, don da za a mayar da ni wannan hantsin zan sake jan igiyar. Na ceto abin da na iya cetowa, sauran ya fi ƙarfina. Na gwada karanta rubutun ubanka don in gyara wurin da ya ɓata, ilimina bai kai ba, yanzu ma ido ba ya ganin ƙananan haruffa. A duk duniya mutum biyu ne suka ga yadda aka sa kibiyar nan ta motsa, ɗaya yana kwance a Aujara. Tana nan a tsakiyar allo inda ya bar ta. Ina so in ga ta motsa kafin in bi shi.